Harafi Biyu

Daga Amarya zuwa ga yayar mijinta

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki da wannan gwiwar taki mai ƙorafi in an yi sanyi. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai idon da ta ƙi yarda a duba. Ki ji abin kunya: surukarta tana aiki a shagon tabarau, ita kuwa jiya gishiri ta zuba a shayi. Ƙanenki ya tafi haɗa ɗakin sanyi a wata masana'anta, sai bayan mako biyar zai dawo.

Ki yi haƙuri da takardar, ta shago ce, siririya kamar zirin ƙyalle. Direban da ke kai wa makarantarku kayan abinci ya ce zai biyo da azahar, shi ya sa nake sauri. Da waya tana shiga wajenku da na kira, ko da yake bangon gidan nan kunne gare shi.

Yaya, shekara shida ke nan ana kirana Amarya. Sa'o'ina duk sun zama Maman wane da Maman wance. Kullum sai Inna ta dubi cikina kafin ta dubi fuskata. Ta jiƙa wannan, ta dafa wancan, in sha in yi godiya. Ni kaɗai na san abin da nake ciki.

Akwai maganar da na daɗe ina son in gaya wa wata mace a dangin nan, kuma ke ce kika riƙe hannuna ranar da aka kawo ni. Shekara guda ke nan ina shan maganin baƙin ciki. Likita ne ya rubuta mini, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Wallahi tun da na fara na samu kaina. Ina barci, ina cin abinci, har dariya nake yi. A cikin gidan tabarau nake ɓoye shi, can ƙasan jakata. Don Allah kada Inna ta ji, ba za ta gane ba. Sauran bayani sai na samu takarda mai faɗi, ga wani dattijo ya shigo da karyayyen tabarau.

Taki,
Amarya

*

Daga Amarya, bayan mako bakwai

Yaya,

Gaisuwa wajibi ce, don haka na gaishe ki. Ina kuma yi miki fatan lafiya, don ina son ki kasance da ƙarfinki ranar da za mu yi ido biyu. Tawa lafiyar, in kina son ji, kwanana tara da fitowa daga asibiti.

Na jira amsarki har na gaji. Ashe kin amsa, Inna kika aika wa.

Kwana goma bayan na rubuta miki, na dawo daga shago na tarar da Inna a kan tabarma a falo, maƙwabciyarmu Mai Kitso tana gefenta da takarda a hannu. Tun daga ƙofa na gane rubutunki. Kin san Inna ba ta ganin rubutu, kin kuma san Mai Kitso, duk kan da ta taɓa sai ta zuba masa labari kafin ta sake shi. Ita ta karanta mata cewa shekara guda ina shan maganin ƙin ciki, ina cin amanar ƙanenki, ina shan jiƙe-jiƙen Inna ina mata dariya a zuci.

Inna ta fizge jakata ta zazzage. Makulli, mataji, ƙyallen goge gilashi, duk suka watse, sai ga gidan tabarau. Ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a masai, ta yayyage takardar likita. Na ce Inna, na baƙin ciki ne. Ta ce, "Baƙin ciki har da ƙwaya? Me aka yi miki a gidan nan?" Mai Kitso ta ce, "Ai su ne, Inna, ƙanana farare, na san su."

To ga sauran bayanin da ba ki jira ba. Ƙanenki ya sani. Shi ya kai ni wurin likita bara, lokacin da nake zama a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, in kasa saka na biyun har rana ta take. Ciwon damuwa suka kira shi. Wata huɗu da suka wuce likita ya canza mini ƙwayar zuwa wadda ta fi dacewa da mai neman ciki, ya ce jikina ya daidaita, mu nema da yardar Allah. Albishir ɗin da na so in yi miki ke nan.

Za ki ce me ya hana ni komawa asibiti. Inna tana caje jakata safe da yamma. A layinmu mata suna yin shiru in na gifta. Sannan zuciya ta fara raya mini cewa wataƙila ƙwayar ce ma ta tare haihuwar, bari in gwada zama babu ita. Kwana uku sai jiri, kaina yana tartsatsi kamar wayar wuta ta haɗu. Bayan mako biyu tsohon abin ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Na fasa gilashin wata mata a shago, na tsuguna ina tsince shi ina kuka, mai shago ya ce in je gida in huta. Ƙanenki ya dawo ya same ni na yi kwana goma ina kallon bango. A kafaɗa ya fitar da ni.

Me na tare miki, Yaya? Na ba ki asirina kika juya shi kika kai kasuwa. Ko baƙin ciki kike yi mini da na ce miki har dariya nake yi? Ki sani, abu na farko da na ji a jikina da na farfaɗo shi ne haushinki, kuma da shi nake dogarawa ina tashi. Ban yafe ba, ba na kuma shirin yafewa.

Amarya

*

Daga Yaya

Amarya,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi. Labarin kwanciyarki ya girgiza ni, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Amma ki saurare ni, don ba a yanke wa mutum hukunci da jin bakin ɗaya. Kin ce na juya maganarki. Shekarata goma sha tara ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ba a taɓa cewa na ƙara wa rubutu abin da babu ba. Ga takardarki a gabana yanzu haka. Ta ɗan yage a gefe, amma rubutun a fili yake: "Shekara guda ke nan ina shan maganin ƙin ciki." Sai kika ɗora da cewa ƙwaya ɗaya ce kullum da safe, kina ɓoye ta a ƙasan jaka, kada Inna ta ji. Ke da kanki, in aka aiko miki da irin wannan a kan ƙanenki tilo, me za ki fahimta?

Ni na tsaya aka yi aurenku. Da na karanta sai na ji kamar ni na kawo wa gidanmu wannan. Na tuna Inna da idonta da ke dushewa, tana roƙon Allah ta ga jika kafin ya rufe. Raina ya ɓaci, na ɗauki biro nan take, don direba yana juyawa da yamma. Ban ce a ba Mai Kitso ta karanta ba, ban kuma ce a zubar da komai ba. Wannan aikin Inna ne.

In alƙalaminki ne ya zame, ki yarda ya zame. Kuma da tun farko kin rubuta ciwon damuwa kamar yadda likita ya kira shi, da duk wannan bai faru ba. Ƙanena ya aiko mini da layi biyu ta hannun direba, ko gaisuwa babu. Ki yi masa magana, kada ki shiga tsakanin ciki ɗaya.

Ki dinga yawan addu'a, ki rage sa abu a rai.

Yayarki

*

Daga Amarya

Malama,

Na gaishe ki. Jikina da sauƙi, na koma shago rabin wuni. Inna lafiya, ƙanenki lafiya, kuma ba ni na hana shi gaishe ki ba, bakinsa ne.

Za ki ga ƙunshi tare da wannan takarda. Tabarau ne na karatu, ni na zaɓa miki, na goge shi da hannuna. Kyauta ce. Ki sa shi kafin ki ci gaba.

Kin ce takardata ta ɗan yage a gefe. Wane gefen? Don ni ina tune da yadda na rubuta ta, a tsaye, a kan kanta. Takardar siririya ce, kalmar ta ƙi shiga layin. Na rubuta "ba" a ƙarshen layi, na sauko ƙasa na ƙarasa "ƙin ciki". Ko a gaban alƙali haka zan faɗa. Ki aiko mini da takardar, da ambulan ɗin, da duk abin da ya yage, kada ki rage ko ƙura.

Wai in rage sa abu a rai! Sannu, likita. Da haka ake warkewa ai da asibitin nan ya zama wurin ajiye kaya.

Bari in ba ki labarin da zai yi miki daɗi. Shekaranjiya muka koma wurin likita. Ya ce yanke magani farat ɗaya ne ya kayar da ni, kuma faɗuwar nan ta fi ta farko muni. Ya mayar da ni kan ƙwayata. Sannan ya dube ni ya ce shawararsa kada in ɗauki ciki yanzu, sai na yi wata shida a tsaye ban jirkita ba, don ciki a wannan halin zai iya kayar da ni da abin da ke cikin. Ƙanenki ya sunkuyar da kai. Ni dariya na yi har likitan ya tsorata, don na ga abin da yake rubutawa. Maganin ƙin ciki ne, Yaya. Na gaske. Abin da kika ce ina sha, yau ga shi ina sha, albarkacinki.

Shekarata talatin da bakwai. Wata shida a wurina ba wasa ba ne.

Yanzu ƙwaya biyu nake ɓoyewa, a aljihun teburin shago, ƙarƙashin ƙananan sukurori. Ranar da ba aiki sai in ƙirƙiri aike in fita in sha a bakin titi kamar mara gaskiya. Ƙanenki ya yi wa Inna bayani har muryarsa ta dushe. Ta ce na shanye shi, ta ce 'yarta malama ce, ba ta kuskuren karatu. Duk ranar da ta ga ta biyun nan, kin san ba sauran zama. Ina jiran ambulan.

Amarya

*

Daga Yaya

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in za ki amsa. Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau. Direba ya zo sau biyu ya koma hannu wofi, don na kasa rubuta wannan.

Ga takardarki, ga ambulan. A cikin 'yar ledar da na manna a baya akwai zirin da ya yage. Da yatsa na farke ambulan ɗin daga gefe, ina tafiya zuwa aji, na haɗa da bakin takardar ban sani ba. Ki duba zirin za ki ga wutsiyoyin kalmomi, a tsakiyarsu akwai "ba". Rubutunki ne, bai zame ba.

Da iyakar laifina ke nan da na ce tsautsayi ne. Amma akwai saura. Ba yanzu na ga zirin ba. Washegarin ranar da na aika wa Inna, na ɗauki ambulan ɗin zan jefar, sai ya faɗo a kan cinyata. Na jera shi a gefen takardar, na karanta. Na san abin da na yi tun a ranar.

Da na so, da na nemi izinin kwana biyu na shiga mota, da na riga takardar isowa ko na tarar da ita da ɗumi. Na kai har ƙofar ofishin shugabar makaranta na juyo. Na ce wa kaina Inna za ta tambaye ki, za ki yi bayani, magana ta mutu. Gaskiyar ita ce kunya na ji. Yaya za a yi in tsaya gaban Inna in ce na kasa karanta layi ɗaya? Na saka zirin a cikin littafin darasi na rufe. Har wasiƙar da na rubuto miki ina ɗora miki laifi, yana nan ƙarƙashin gwiwar hannuna.

Ba ni da bakin neman gafara. Ki faɗi abin da kike so in yi. Ina roƙon abu ɗaya, in zai yiwu ki bar wannan tsakanina da ke. In zo hutu in zauna da Inna mu biyu in warware mata a hankali.

Tabarau ya yi mini daidai. Na sa shi nake wannan rubutun.

Yayarki

*

Daga Amarya

Malama,

Na gaishe ki. Muna lafiya.

Na jera zirin a kan gilashin kanta na daɗe ina kallonsa. Kuskuren karatu zan iya haɗiyewa, kowa yana yi. Amma kina can da "ba" ɗina a cikin littafinki, ni ina nan ina kallon bango. Wannan ba zai wuce ba.

Mu biyu a hankali? A'a. Ni ba a hankali aka tona ni ba. Ta ƙofar da ƙarya ta shigo, ta nan gaskiya za ta bi. Ki rubuta wa Inna duk abin da kika rubuta mini, har littafin darasin, har ƙofar shugabar makaranta. Kada ki sa masa zuma. Ki rubuta a bayan ambulan cewa Mai Kitso ce za ta karanta. Zirin yana hannuna, in kika rage ko kalma ɗaya, wasiƙarki ta wancan makon zan miƙa mata.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Amarya

*

Daga Yaya

Amarya,

Ina gaishe ki da jiki. Ga ta nan, ban rufe ambulan ba don ki duba. Ban rage komai ba. Hutu saura mako uku, ki gaya mini ko in zo.

Yayarki

*

Daga Amarya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Lafiyata tana ƙaruwa, na koma aiki cikakken wuni, barci ya dawo. Inna ce ba ta jin daɗi, kuma za ki ji dalili.

Ranar Asabar bayan la'asar na aika aka kira Mai Kitso. Ta zo da tsinken kitso a hannu, mata uku suka biyo ta, ɗaya ma rabin kanta a tsefe. Ban hana kowa shiga ba, har kujeru na fito musu da su. Ƙanenki ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Yaya, matar nan ta iya karatu! Ta ɗaga murya, ta tsaya inda ya kamata a tsaya. Da ta zo wurin littafin darasi sai ta maimaita, wai ko akwai wadda ba ta ji ba. Na fito da zirin, ya zaga hannu zuwa hannu. Mai rabin kitso ta ce, "Yanzu malama guda?" Kafin magariba labarin ya kai har wurin mai sayar da gawayi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na ji shi har tafin ƙafata.

Suka watse aka bar mu da Inna. Ta daɗe tana murza zirin a yatsunta. Can ta ce, ba ni ta kalla ba, ɗanta ta kalla, "To yanzu an mayar mata da abinta?" Na buɗe jakata da kaina na ajiye kwali biyu a kan tabarma. Na ce wannan shi ne wanda kika zubar. Wannan kuma shi ne wanda aka ce ina sha. Da ba na shan sa, yanzu likita ya ɗora ni a kai saboda faɗuwar da na yi. Ta ce har yaushe. Na ce wata shida, in ban sake faɗuwa ba. Ta lalubo kwalin na biyu ta riƙe, sai hawaye. Tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin kukanta ba. Ina zaune ina kallonta, ban ce ta yi haƙuri ba.

Tun ranar, kullum da safe ita ke kawo mini ruwa a kofi. Ba wanda ya sa ta. In haɗiye ta farko ta ce Allah ya ba da lafiya. Ta biyun zan iya shiga ɗaki in sha, amma a gabanta nake ɓare ta, a hankali, tana jin ƙarar ledar tana kau da kai. Ƙanenki ya ce ya isa haka, tsohuwa ce. Na ce masa zan bari in na gaji, ban gaji ba tukuna.

Sai dai daɗin bai kai inda na zata ba. Ranar Talata wata mata ta shigo shago da jariri a goye, ta ce in riƙe mata shi ta gwada tabarau. Ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Da suka fita na shiga bayan labule na zauna a kan kwali. Duk layinmu sun wanke ni, Mai Kitso har tana gaishe ni da rusunawa, amma babu wanda ya iya mayar mini da kwana ɗaya.

Kin tambaya ko ki zo hutu. Kada ki zo, kada kuma ki sake rubuto mini. Ranar da kika ga takardata na ce ki zo, ki bar duk abin da kike yi ki taho da gudu, an samu ciki. In shekara ta zagayo direba bai kawo miki komai ba, kin san abin da kika ci mini.

Amarya